Mu'azu Haɗeja: Mai Wa'azin Da Aji Ya Mayar Mawaƙin Yara

Duk lokacin da aka tashi zancen adabin yara a tsakanin 'ya'yan wannan ƙungiya tamu, akan lissafo littattafan zube da na tatsuniya babu wata gardama. Wani ya ambaci Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wani ya kawo jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, wani kuma ya tuna da Wasannin Yara na Umaru Dembo. To amma da zarar an ce a kawo sunan mutum guda wanda za a kira mawaƙin yara a fagen rubutacciyar waƙar Hausa, sai wuri ya yi tsit, kowa ya shiga sosa ƙeya. Can sai ka ji wani ya ce, "Ai ga Mu'azu Haɗeja nan." Wannan amsa akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma abin dubawa, kuma ita muke so mu ɗan feɗe a wannan fitowa, musamman saboda 'yan'uwa masu tasowa da suke sha'awar rubuta wa yara waƙa.

An haifi Malam Mu'azu a garin Haɗeja a shekarar 1920, a gidan sarauta. A wancan lokaci Haɗeja tana cikin Lardin Kano ne, yanzu kuwa tana cikin Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro rana ɗaya da jiharmu ta Kebbi a watan Agusta na 1991. Ya yi karatun addini kamar yadda ɗan kowane gida irin nasu yake yi, sa'an nan ya shiga makarantar boko, ya wuce Makarantar Midil ta Kano. Da ya gama sai ya kama aikin koyarwa a Kano, har ya kai matsayin malami mai zagayen duba makarantu. A kan wannan aiki rayuwarsa ta ƙare, domin Allah Ya yi masa rasuwa a 1958, bai ko cika shekara 40 ba. A wannan shekarar ce kuma aka rasa Malam Sa'adu Zungur. Ke nan cikin shekara guda rubutacciyar waƙar Hausa ta yi rashin biyu daga cikin manyan ginshiƙanta, kuma dukkansu malaman makaranta ne.

Wannan batu na aikin malanta bai kamata a wuce shi da sauri ba, domin shi ne mabuɗin fahimtar mutumin. Mu'azu ya rayu a zamanin da makarantar boko take abin gudu a ƙasar Hausa, zamanin da akan ɓoye yaro a rumbu in an ji dogarai sun zo neman 'yan makaranta. Malamin wannan zamani ba koyarwa kaɗai yake yi ba, har da lallashi da jayayya da iyaye. Kowace safiya yana tsaye gaban yara, kowace yamma yana jin abin da manya ke faɗi a kan boko a zaure da kasuwa. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, aka kuma kafa hukumar NORLA a Zariya domin samar da abin karantawa ga waɗanda suka koyi karatu. A cikin wannan yanayi ne aka tattara waƙoƙinsa aka buga su a Zariya da sunan Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, daga baya kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya ci gaba da sake buga littafin. Ɗan ƙaramin littafi ne, aljihun riga ma ya ishe shi, amma da wuya a sami diwanin waƙa na Hausar boko da ya shiga aji kamarsa.

Mai karatu ya dubi sunayen waƙoƙin da ke ciki kawai: Yabon Ubangiji, Birrul Walidaini, Ilmin Zamani, Mu Yaƙi Jahilci, Gaskiya Ba Ta Sake Gashi, Tutocin Shaihu da Waninsu, Giya, Karuwa. Shin wanda ya zauna da niyyar rubuta wa ɗan shekara tara waƙa, zai ɗauki alƙalami ya rubuta Karuwa? Ko zai sa wa waƙarsa suna da Larabci? Abin da ke fili shi ne, Mu'azu da manya yake magana. Uban da ya hana ɗansa zuwa makaranta, da ma'aikacin En'e da ya sami albashi ya nufi gidan giya, da saurayin birni da ya saki hanya, su ne mutanensa. Ko Yaƙi da Jahilcin ma ai shiri ne na koyar da manya. Ya gaji tafarkin wa'azi wanda malaman jihadi irin su Nana Asma'u suka shimfiɗa tun ƙarni na 19, ya ɗauko shi daga ajami zuwa boko, ya kuma kawo masa sababbin jigogi na birnin Kano na bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

To, yaya aka yi ya zama na yara? Makaranta ce ta naɗa shi. Da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa a shirin UPE na 1976, azuzuwa suka cika maƙil, aka nemi waƙar Hausa da za a ba yara su haddace, sai aka duba kanta aka ga kujerar mawaƙin yara babu kowa a kanta. Littafin da ke kusa, mai araha, mai saukin Hausa, wanda kuma babu uban da zai yi ƙorafi a kan tarbiyyar da ke cikinsa, shi ne na Mu'azu. Hukumomin jarrabawa su ma suka sha sanya shi cikin littattafan da ake nazari. Ta haka ne zuriya bayan zuriya ta 'yan makaranta suka tashi da baitocinsa a baki, har yau kuwa akwai dattawan da za su rera maka Ilmin Zamani alhali sun manta sunan malamin da ya koya musu ita.

Sai dai kada a ce sa'a ce kurum. Littattafai nawa aka sanya wa yara dole, suka yi jarrabawa suka watsar? Abin da ya sa nasa suka zauna yana cikin ƙirar waƙoƙin, kuma nan ne mai son koyon sana'ar ya kamata ya zauna ya daɗe.

Abu na farko shi ne yadda yake rufe baiti. A waƙoƙi irin su Ilmin Zamani da Giya da Karuwa, bai tsaya ga amsa-amon gaɓa ɗaya ba, kalmar jigon ce sukutum take dawowa a ƙarshen baiti bayan baiti. Masu ganin ƙyashi kan ce wannan sauƙi ne ya nema wa kansa, tun da ba sai ya yi ta farautar kalmomi masu ƙarewa iri ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san ba haka abin yake ba. Kawo kalma ɗaya sau da yawa, kowane karo da sabuwar hanyar isowa gare ta, ba tare da jimla ta karye ko ta yi ɗoyin tilas ba, aiki ne na gwani. Amfaninsa a aji kuwa ba ya misaltuwa. Yaron da ya fi kowa rauni a karatu ya riga ya san inda baitin zai sauka, saboda haka in malami ya ja ɗango, aji duka sai ya amsa ƙarshen da murya ɗaya. Wato dai Mu'azu ya shigo da tsarin bayarwa da amshi, wanda yaro ya saba da shi a dandali, cikin waƙar da aka gina bisa awon aruli, ba tare da ya rubuta wani amshi dabam ba.

Na biyu, baitinsa gajere ne, kuma kowanne yana tsaye da ƙafarsa. Ma'ana tana cika a cikin baitin, ba ta tsallakawa zuwa na gaba ta bar mai rerawa a rataye. Malami yana iya ɗebo baiti biyar ya rubuta a allo yau, gobe ya ɗebo wasu biyar daga can gaba, ba abin da ya lalace. Wannan hali ne na wanda ya san tsawon darasi da tsawon haƙurin yaro. Amma fa a nan ne kuma wani rauninsa yake. Tun da baitocin ba sa jan juna, waƙar ba ta tafiya ko'ina, tana zagaya jigonta ne kamar mai zagaya rumbu yana ƙwanƙwasa shi ta kowane gefe. Babu labari, babu "sai me ya faru?" Yaro kuwa, kowa ya sani, da labari ake kama shi.

Na uku shi ne kari. Layukansa suna zama a baki. Gaɓa mai nauyi tana faɗawa inda murya take neman nauyi, ba a tilasta wa mai rerawa ya ja wasalin da gajere ne ko ya haɗiye dogo. Muna roƙon masu aiko da waƙoƙi su lura da wannan ƙwarai, domin da yawa daga abin da muke gani a rubuce, da zarar an ce a rera shi sai ya yi ta tuntuɓe kamar jaki a kan duwatsu. Babba yana iya yi wa waƙa uzuri saboda kyawun manufarta. Yaro ba ya yi. In ba ta rerawa, ya yar da ita ke nan.

Game da harshe ba sai mun tsawaita ba. Hausarsa ta kasuwa ce da zaure, da ɗan Larabcin da kowane almajiri ya sani. Ya isa a kwatanta shi da ɗan jiharmu, Alhaji Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, wanda ya rasu a 1999. A diwaninsa Fasaha Aƙiliya, wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya aka buga a 1977, akwai waƙa mai suna Yara Manyan Gobe. A fagen sarrafa harshe da wasa da kalmomi, Aƙilu ya yi wa Mu'azu nisa, wannan ba abin musu ba ne. Amma Hausar Aƙilu sau da yawa sai da malami a gefe, wani lokaci malamin ma sai da ƙamus. Aƙilu ya yi waƙa a kan yara, Mu'azu kuwa, da bai nufe su ba, su suka ɗauke shi. Abin mamaki ba ya ƙarewa a adabi.

Yanzu bari mu zo ga abin da muke ganin shi ne babban gibi, wanda kuma ya hana mu amsa sunan "mawaƙin yara" da zuciya ɗaya. A duk cikin waƙoƙin nan, yaro mai sauraro ne. Ana gaya masa ya bi iyaye, ya nemi ilmi, ya riƙe gaskiya, ya guji kaza da kaza. Murya daga sama take saukowa, daga kan kujerar malami, kuma ba ta rasa bulala a kusa. Ba mu ji yaron ya buɗe baki ba. Ba a tambaye shi abin da yake tsoro in an kashe fitila ba, ko abin da yake gani in ya kwanta a tsakar gida yana kallon farin wata, ko yadda ransa yake in an yi masa ƙane an ɗauke shi daga bayan uwa. Babu akuyar gida mai ɓarna, babu ƙadangare a kan katanga, babu dariya don dariya. Abin dariyar da ke cikin Mu'azu zambo ne, kuma zambonsa mai zafi ne, irin wanda ake yi wa babba don a kunyata shi.

Wannan zambo yana da nauyin da ba kowane malami ke lura da shi ba, kuma mu da muke koyarwa a ƙasar Zuru muna ganinsa fiye da abokan aikinmu na Kano ko Katsina. Ajinmu a nan gauraye yake. Akwai ɗan Bahaushe, akwai Badakkare wanda C'lela yake ji a gida, akwai Bafakke da Badukke da Bakambare, akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai wanda gidansu ke kan al'adar kakanni. Hausa ce ta haɗa su, kuma a nan ne sauƙin Mu'azu yake cin jarrabawar da ta fi kowace wuya, domin yaron da Hausa take harshensa na biyu yana kama baitinsa ba wahala. To amma a ɗauki waƙar Giya. A cikin ajin nan ba a rasa yaron da da kuɗin burkutu aka saya masa littafin da yake riƙe da shi. In aka sa aji duka suna amsa kalmar nan da ƙarfi, suna waiwaye suna dariya, wa ake yi wa wa'azi, wa kuma ake tozartawa? Ba muna cewa mawaƙin ya yi ƙarya a kan illar giya ba, kowa ya ga gidan da ta rusa. Muna cewa ne shi da mashayi ya yi magana, ba da ɗan mai dafawa ba, kuma wanda ya ɗauko waƙar ya kawo ta aji shi ne ya sauya mata wurin sauka. Haka nan Tutocin Shaihu da Waninsu: darasin tarihi ce mai amfani, kuma sunanta kansa ya nuna mai ita ya san Arewa ba masu tuta kaɗai ba ce, amma yaron da kakanninsa suka zauna a kan duwatsun nan ba su karɓi tutar kowa ba yana bukatar malamin da zai ƙara masa bayani, don kada ya ɗauka shi ɗan rakiya ne a tarihin ƙasarsa.

Ba mu kaɗai muka bi ta wannan hanya ba, in hakan zai sanyaya mana rai. A Ingila ma waƙar yara da wa'azi ta fara. Isaac Watts ya buga waƙoƙinsa na tarbiyyar yara a 1715, aka yi ta sa yara suna haddace su fiye da shekara 100. Sai a 1846 Edward Lear ya fito da littafinsa na waƙoƙin shirme, waɗanda ba su koyar da komai sai jin daɗin sauti. A 1865 Lewis Carroll ya ɗauki wasu daga waƙoƙin Watts ɗin ya juya su ya mayar da su abin dariya a cikin labarinsa na Alice, a 1885 kuma Robert Louis Stevenson ya buga diwanin da yaro ne da kansa yake magana a cikinsa. A Masar, Ahmad Shauƙi, wanda ya rasu a 1932, duk da sarautar da aka ba shi ta sarkin mawaƙa, bai ga ƙasƙanci ba ne ya zauna ya tsara wa yara gajerun labaran dabbobi cikin waƙa. Shi bai bar tarbiyya ba, amma ya sa ta a bakin dila da zakara. Mu kuwa mun tsaya a matakin farko, mun kafa bukka a wurin.

Abin takaicin shi ne, ba kayan aiki muka rasa ba. Waƙar yara ta gaskiya tana nan da ranta a ƙasar Hausa tun kafin a san boko, illa dai ba ta da sunan mawallafi. Tana bakin 'yan mata a gaɗa, tana wurin langa, tana cikin tashe in azumi ya kai kwana 10, tana cikin waƙoƙin da ke tsakiyar tatsuniya da na reno. A saurare su da kunnen mai nazari. Layukan gajeru ne, akwai tafi, akwai maimaici, akwai kalmomin da ba su da wata ma'ana sai daɗin faɗi, akwai tsokana, akwai tambaya da amsa. A nan Zuru ga kuma na Dakarkari, waɗanda ake ji a gona da dandali da lokacin bikin Uhola. Marubutanmu sun ɗauki waɗannan a matsayin abin tattarawa a rubuta kundin digiri, ba su ɗauke su a matsayin makarantar da za a shiga a koyi ƙira ba. Da za a sami mai haɗa kunnen Mu'azu na awo da idon 'yar gaɗa, da an wuce wurin.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan magana ta wuce ta ado. Lokacin da Mu'azu yake kiran mutane su kai 'ya'yansu makaranta, abokin gabansa jahilci ne da zargin boko. Yaron jiharmu na yau ya ji labarin ɗaliban da 'yan bindiga suka kwashe daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, wataƙila ma ƙauyensu ya tashi ya dawo gari. Irin wannan yaro in ka tsaya a kansa kana ce masa ilmi haske ne, ya riga ya sani, shi ya sa ma ya zo duk da tsoron da ke ransa. Abin da ba shi da shi shi ne baiti huɗu da zai rera wa kansa a kan hanya, waɗanda suka san da tsoron nasa, ko waɗanda za su sa ya manta da shi na ɗan lokaci. Wannan ba aikin Mu'azu ba ne, bai ga zamanin ba, kuma ba za mu tuhumi mamaci da bashin da ke wuyan masu rai ba.

Saboda haka ga mai son shiga wannan fage, shawararmu ita ce ya karanta Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da murya, ba da ido kaɗai ba, ya lura da inda numfashi ke tsayawa da yadda kalmar ƙarshe ke isowa. Ya ɗauki gajartar baiti da tsabtar kari da sauƙin harshe. Sa'an nan ya ajiye littafin, ya sauko daga kujerar malami, ya zaɓi abu guda ƙarami wanda yaro ya taɓa riƙewa da hannunsa, kamar ɗan tsako ko baka da kibiya ta kara ko motar langalanga, ya bar yaron ya yi maganar. Kada ta wuce baiti 8 ko 10. In ya gama, kafin ya aiko wa edita, ya kai ta wata firamare da ke kusa da shi, ya roƙi malamin aji uku ya ba shi minti 15, ya rera musu sau biyu ba tare da ya rubuta a allo ba. Bayan mako guda ya koma lokacin tara, ya tsaya daga nesa inda ba za su gan shi ba, ya saurara.